Gadon Hanan a Bangon Jirgi

Farcenta na fara gani. Da safe ne, Inna, mahaifiyata, tana yi mata wanka a tsakar gida, ni kuma ina zaune a bakin gado jikina yana ta tururi, don ban daɗe da fitowa daga nawa wankan jegon ba. Rana ta ratso ta tsakanin karan rumfa ta sauka a hannun jaririyar, sai na ga 'yan farcen nan sun yi wani launi irin na sama gab da magariba. Leɓenta ma haka. Ni da na tashi ina karanta littattafan soyayya da 'yan uwa ke bar mana in sun biyo ta garinmu Gadarif a hanyarsu ta Makka, kyau ne kawai ya zo mini a rai. Na ce a zuciyata, ga 'yar da ta zo duniya da kwalliyarta, irin matan da marubuci zai cika shafi guda yana siffanta su.

Kallon ma na sata ne. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. In za ki ba shi nono sai ki juya ki fuskanci bango. Maƙwabtanmu Larabawa dariya suke mana a kan haka, amma mu da shi kakanninmu suka zo daga yamma, kuma da shi muka tashi.

Duk da haka na daure na ce, "Inna, dubi farcen yarinyar nan."

Ta ce, "Ke yanzu har farcenta kika sani? Allah Ya ba ki kunya, Batula." Sai ta ɗaga hannun ta duba. "Baƙa za ta yi irin ubanta. Daga farce launi ke farawa."

Ina rubuta wannan ne saboda wata uwa da za ta ga abin da na gani. Baƙin fata daban, shuɗi daban. In kika ga shuɗi a leɓe ko a harshe ko a farcen jariri, ki ɗauki mayafinki ki tafi asibiti a ranar.

Ranar suna abin ya fito fili. Maigidana Idris, da ake kira Usta saboda sana'arsa, direban tarakta ne a wani mashru'u, wato manyan gonakin nan na yankin Simsim, kuma lokacin yankan riɗi ya kama. A bayan lori ya iso da hantsi, da baƙin mai a hannunsa. Aka yanka rago, aka raɗa mata suna Hanan. Da wanzami ya ɗora aska a kanta sai ta tsandara kuka, ta yi ta yi, can sai kukan ya yanke. Ina daga ɗaki na ji shirun. Ban san lokacin da na fito ba. Ta saki jiki a hannun Inna kamar tsumma, fuskarta ta yi duhu, numfashin yana fita da sauri da sauri. Aka yayyafa mata ruwa, aka yi ta salati, a hankali ta dawo.

Daga nan shawarwari suka fara shigowa tare da kwanukan abinci. Gwaggona ta ce sanyi ne, a shafe ta da man riɗi mai ɗumi. Wata ta ce beli ne, a cire shi. Wata tsohuwa daga Doka ta ce a yi mata sakiya a ƙirji, haka aka yi wa ɗanta ga shi nan yana tuƙa lori. Malamin unguwa ya aiko da rubutu, ya haɗa da saƙon cewa a sha, amma a kai ta ga likita. Allah Ya saka masa. Mun shafa man, mun ba ta rubutun a kan yatsa, sauran kuwa Idris ya hana.

Ya ce da Inna, idonsa a ƙasa, "Inna, ki yi mini haƙuri, babu wanda zai sake kusantar ta da ƙarfe sai likita ya gan ta."

A mako na biyu muka je asibiti cikin gari. Ƙarshen damina ne, zazzaɓi ya kwantar da rabin Gadarif, layin ya fito har ƙarƙashin itatuwa. Ma'aikatan gona daga Gadambaliya suna kwance a kan buhuna. Mun wuni, kuma ban ga dalilin da jariri mai shuɗewa zai bi layi ɗaya da mai ciwon haƙori ba, har yau ban gani ba. Amma da muka shiga, likitan ya manta da layin. Saurayi ne siriri. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya rufe ido, ya daɗe har na ɗauka addu'a yake. Ya maƙala mata wani abu mai jar wuta a ƙafa, ya dubi lambar da ta fito.

Sannan ya ce, "Fatha fil galb." Ƙofa a zuciya. Ya ce jininta mai tsabta da marar tsabta suna gauraya, kuma hanyar da ke kai jini huhu ta yi ƙunci. Ya ce sai an ɗauki hoton zuciyar a Khartum. Abubuwa biyu ya faɗa da suka zauna mini daram. Na farko, "Dogon kuka shi ne abokin gabanta." Na biyu kuwa da hannunsa ya nuna mini: in ta shuɗe, in naɗe gwiwoyinta in danna su a ƙirjinta, in riƙe har ta dawo. Ya sa na yi a gabansa har ya gamsu.

A mako na uku muka hau bas. Inna ta yi faɗa sosai a kan fitar mai jego kafin arba'in. Ta ce jikina ɗanye ne, iska za ta shige ni, in tsufa ina ciwon baya. Da ta ga babu makawa sai ta ɗaure tukunyar wanka a cikin kaya. Haka muka ratsa Madani muka shiga Khartum, muka sauka a gidan wani kawun Idris. Kowace safiya sai ta dafa ruwa a tsakar gidan mutane ta yi mini wankana kafin mu tafi layin asibiti.

A can na ga zuciyar 'yata da idona. Likitar, mace ce mai furfura a goshi, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, sai ga ta a allo: wani ɗan abu bai kai dabino ba, yana buɗewa yana rufewa, ja da shuɗi suna walƙiya a ciki kamar ana kunna fitilu. Na karanta kalmar zuciya a littafi fiye da yadda zan iya tunawa, zuciyar da ke narkewa, zuciyar da aka sace. Ban taɓa sanin ɗaki ce mai ƙofofi ba, mai aiki ba hutu tun kafin a haifi mutum. Na yi ta tasbihi, hawaye yana zuba, ni kaina ban san na tsoro ne ko na mamaki ba.

Likitar ta ce matsalar ba ɗaya ba ce. Ta ce da yarinyar za ta iya jira ta yi ƙwari da an jira, amma shuɗewar tana ƙaruwa, kuma a lokacin ba sa yi wa jariri ƙarami haka wannan aiki a Khartum. Alƙahira za mu tafi, kuma ba da jimawa ba.

Ba zan tsaya lissafin abin da aka kashe ba. Awarwaron aurena sun tafi, rabon Idris na riɗin shekarar ya tafi tun yana tsaye a gona, masallacin unguwarmu ya yi karo-karo, mai mashru'un ya taimaka. Abin da aka haɗa ya isa mutum biyu ne da jaririya. Idris ya ce Inna ta bi ni, shi ya koma kan tarakta, tunda daga can sauran kuɗin aikin zai fito. Mako na huɗu ya ƙare a yawon fasfo da takardar likita. Mai hoto ya ce dole idon jaririya ya zama a buɗe, ni kuma ina tsoron a tashe ta ta yi kuka. Sai muka zauna a shagonsa har ta farka don kanta.

A ofishin sayar da tikiti na fara jin labarin gadon. Matar da ke wurin ta karanta takardar likita, ta ce za su tanadi tukunyar iskar oksijin a jirgi, sannan ta tambaye ni, "Kina son sarir?"

Na ce, "Gado? A cikin jirgi?"

Ta ce wani ɗan gado ne na jarirai da ake rataye shi a bango, a gaban kujerun layin farko. Ba kowane jirgi ke da shi ba, ba kuma a ba da shi sai an nema tun wajen sayen tikiti, kuma in jariri ya yi nauyi ba ya shiga. Ta canza mana rana zuwa jirgin da ke da shi. Ta ce in sake kira kafin tafiya in tabbatar, in kuma tuna musu a filin jirgi. Duka na yi. Da kyau na yi, don a filin jirgin sai da aka tashi wasu mutane daga kujerun.

Ni dai a littattafai, filin jirgi wurin bankwana ne mai daɗi. Saurayi yana riƙe da jaka, budurwa tana kuka a hankali, ana faɗin maganganun da ba a mantawa. Na daɗe ina burin in tsaya a irin wurin. Da ranar ta zo, Idris ya tsaya a bakin ƙofar gilashi yana murza hularsa, ya ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya. Ki riƙa cin abinci." Shi ke nan.

Muka shiga wurin bincike. Na wuce ta ƙofar nan mai ƙara, shiru. Inna ta biyo da jaririya a hannu, sai ƙara ta tashi. Aka ce ta cire zobe, ta cire, ƙara ta sake tashi. Wata 'yar sanda ta lalluba zanen jaririyar, sai ga wuƙa.

'Yar ƙarama ce, mai ƙotar ƙaho, a cikin kube na fata da ya yi baƙi don tsufa. A wajenmu ba a kwantar da jariri babu ƙarfe a wajen kansa, saboda iskoki. Wannan wuƙar kakar Inna ta zo da ita a ƙafa daga yamma, kuma ta kwana a wajen kan kowannenmu muna jarirai. Tun ranar haihuwa tana tare da Hanan, har a bas, har a asibiti. Ni na saba da ita har na daina ganinta.

'Yar sandan ta ce, "Ya hajja, wuƙa? A jirgi?"

Inna ta amsa mata da Larabcinta na kasuwa, "Ba tawa ba ce, ta yarinya ce."

"Yarinyar me za ta yanka?"

"Ba yanka take ba, gadi take yi mata. Ke ba a yi miki ba? Shi ya sa."

Wasu suka yi dariya, wani babban jami'i ya taso fuskarsa a murtuke, ni kuma ina tunanin in aka tsare mu jirgi ya tashi, ban san ko yarinyar za ta kai wani makon ba. Na nuna masa takardar likita, na buɗe masa fuskarta. Ya dubi leɓen ya daɗe. Sai ya ce wuƙa dai ba za ta hau ba, amma in akwai wani namu a waje in ruga in ba shi.

Idris yana nan inda na bar shi, bai motsa ba. Na miƙa masa wuƙar. Ya dube ta, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, ita ce ta farko tun ranar suna, har da hawaye. Ya riƙe hannuna tare da kuben a gaban mutane, ya ce, "Batula, ki dawo mini da ita. Ku dawo ku biyu."

Na ce, "Mu uku dai, Usta. Ko Inna a bar ta can?"

A cikin jirgi kujerunmu suna fuskantar bango. Na ga wasu ramuka biyu a jikinsa, ban ga gado ba. Mudifa, wato ma'aikaciyar jirgin, wata doguwa mai suna Salma, ta zo ta durƙusa ta gaya mini cewa sai jirgi ya daidaita a sama ake rataye shi. Ta nuna mini tukunyar iskar da aka ɗaure kusa da ƙafata. Ta ba ni wani ɗan bel da ake zurawa a cikin nawa a ɗaure jaririya, ta ce in ba ta nono lokacin tashi saboda kunnuwanta. Na juya wajen taga na rufa da mayafi.

Inna ta taɓa ƙetare teku daga Sawakin zuwa aikin hajji, amma ba ta taɓa hawa sama ba. Da jirgin ya fara gudu ta damƙe gwiwata tana karanta duk abin da ta haddace. Sai ƙasa ta sake mu. Na ga Khartum tana ƙanƙancewa, na ga inda kogunan biyu ke haɗuwa, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Daga nan sai rairayi, ja da ruwan zinariya har iyakar gani, Nilu yana ratsa shi kamar koren zare. Ni 'yar Gadarif ce, na saba da baƙar ƙasa mai kama ƙafa da gonakin dawa da ba a ganin ƙarshensu. Ban san Allah Ya ajiye wannan fili haka babu kowa ba. Yarinyar tana tsotso a hankali, tana hutawa, tana ci gaba.

Da fitilar bel ta mutu, Salma ta zo da wani abu a naɗe. Ta buɗe shi, ta zura ƙarafansa a ramukan nan, ta jijjiga shi da ƙarfi don mu gani. Ga gado. Bai fi akwatin kaya ba, da 'yar katifa da farin zane da wani faffaɗan maɗauri da ake zugewa a kan cikin jariri. Hannuwana sun yi tsami, don tun asuba nake riƙe da ita, kuma likita ta ce barci mai nauyi shi ne hutun zuciyarta. Na miƙe zan kwantar da ita, Inna ta tare ni.

"Ba za a rataye mini jika a bango kamar ƙwarya ba. Kuma babu ƙarfe a kanta. Nan fa tsakanin sama da ƙasa ne, hanyarsu ce."

"Inna, a hannu ba ta barci sosai, ke ma kin sani."

"To kawo ta, ni ban gaji ba."

Ƙarya take, ita ma a gajiye take. Salma ta tambaye ni abin da ake ciki. Na ji kunya, amma na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce kakarta ma almakashi take sa wa jarirai. Ta tafi ta dawo da ƙaramin cokalin shayi na ƙarfe, irin na masu kujerun gaba, ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Inna ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a haƙorinta.

Ta ce, "Ba shi da baki."

Na ce, "Ƙarfe dai aka ce, Inna."

Ta yi bisimilla ta tura shi ƙarƙashin katifar ta wajen kai. Na kwantar da yarinyar, aka zuge maɗaurin. Ta yi miƙa, ta saki hannuwanta sama, gunjin jirgin ya ɗauke ta.

A nan ne wani abu ya same ni da ban yi tsammani ba. Gadon yana daidai fuskata. Babu inda zan kai idona sai kanta, ko na juya sai na dawo. Tun da na haife ta ban taɓa samun damar kallonta haka ba, kullum a sace, kullum da wani babba a kusa. Yanzu ga ta an ajiye mini a gabana, kuma babu wanda zai ce na yi rashin kunya, tunda ba ni na zaɓi inda aka rataye gadon ba. Na ga girarta irin ta Idris ce. Na ga wani ɗan tabo a bayan kunnenta na hagu. Na ga yadda maɗigarta ke bugawa. A taga gajimare suna ƙarƙashinmu kamar an baza auduga, ita kuma tana kwance a samansu, mutum ɗaya tak a cikin jirgin nan da ke barci a miƙe. Na ji Inna tana kallona ta gefen ido. Sai ta juya ta kama carbinta.

Mun yi nisa sai jirgin ya yi wata girgiza, kamar bas ta faɗa rami. Fitilar bel ta kama. Salma ta zo tana dafa kujeru, ta ce dole in fito da ita in ɗaure ta a jikina.

Na ce, "Don Allah ki bar ta, in na tashe ta za ta yi kuka."

Ta ce, "Ma'alesh, habibti, ki yi haƙuri. In jirgi ya faɗa da ƙarfi, gadon ba zai riƙe ta kamar bel ba."

Na ji haushinta a lokacin, yanzu na san gaskiya ta faɗa. Ina ɗaga ta jirgin ya sake faɗawa, kofuna suka zube, wata mata ta yi ihu a baya. Yarinyar ta firgita ta tsandara kuka. Na ba ta nono ta ƙi. Na jijjiga ta, kukan ya ƙaru. Ina kallo launin ya taso daga leɓe ya mamaye fuskar, sai kukan ya fara yankewa, irin na ranar suna. Na naɗe gwiwoyinta na danna a ƙirjinta. Salma ta durƙusa a ƙasa, hannu ɗaya a ƙarfen kujera, ɗaya yana riƙe da robar iska a hancin yarinyar. Idanunta suna lumshewa. Ina ta cewa, "Ke, ke, yarinyar nan, ke."

Sai Inna ta buge ni a cinya. "Wace ce ke? Ba ta da suna ne? Kira ta!"

"Inna..."

"Kira 'yarki, Batula! Nan sama wa zai ji ki? Kira ta kada ta tafi!"

Na sa bakina a kunnenta na ce, "Hanan." Ban taɓa furta shi ba sai ranar. Na ce, "Hanan, Hanan tawa, ga ni nan. Babanki yana jiran ki. Hanan, dawo." Na yi ta faɗa, ban san sau nawa ba, gwiwoyinta a danne, iska tana huci a robar. Likitoci sun ce mini naɗe gwiwar da iskar ne suka yi aiki, kuma na yarda da su. Abin da na gani dai shi ne ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido, duhun ya fara janyewa daga goshi zuwa haɓa. Inna ta sa gefen mayafinta a fuska tana kuka. Mutumin da ke bayanmu yana ta cewa alhamdulillah da ƙarfi.

Da iska ta lafa na mayar da ita gadon, da robar a gefen fuskarta. Ta yi barci har aka zo cire shi don sauka. Matuƙin ya riga ya yi magana da ƙasa, motar asibiti tana jira a gindin jirgi. Aka ce kowa ya zauna sai mun fita. Inna ta miƙa wa Salma cokalinta, Salma ta ce ta bar mata shi. Ban sake ganin matar nan ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

A Alƙahira an yi aikin cikin makon da muka isa. Arba'in ɗina a kan bencin asibiti ta same ni, babu wanka babu turare, Inna tana ta mita a kan bayana. Kwanakin farko ba a bari mu shiga sai mu leƙa ta gilashi, wayoyi sun fi ta yawa. Abincinsu bai karɓe mu ba, sanyin garin ya shige mu, mai ɗakin da muka kama yana ƙara haya duk wata. Amma ranar da aka ce in shiga in ɗauke ta, na buɗe tafin ƙafarta na gan shi ja kamar na kowane jariri, sai na zauna a ƙasa. Mun yi wata biyu da wani abu muka dawo. A dawowa ma na nemi gadon tun wajen sayen tikiti, kuma saura kaɗan ta fi ƙarfinsa don ƙiba.

Ga wadda tafiya irin wannan za ta kama: ki nemi gadon da wuri, ki sake tunatarwa. Ki ba da nono a tashi da sauka. In aka ce ki fito da jariri saboda girgiza, ki fito da shi, amma a hankali, ki fara ɗora hannunki a ƙirjinsa kafin ki ɗaga. Kuma ki bincike zanen jaririnki da kanki kafin ku bar gida, musamman in da tsohuwa za ki tafi.

Hanan yanzu tana aji huɗu. Tabon yana nan daga ƙasan wuya zuwa tsakiyar ƙirji, kuma ana duba ta duk shekara. Wadda ke duba ta yanzu tana cikin likitocin da yaƙi ya koro daga Khartum zuwa Gadarif. Ta ce wata ƙofa a zuciyar tana ɗan yoyo, wataƙila a sake taɓa ta in ta girma, wataƙila a'a. A azumin bana ta tashi da sahur ta ce ita ma za ta kai har magariba, duk 'yan ajinsu suna yi. Na hana, ta yi fushi. Na kira likitar, ta ce in bar ta, in dai ta ji jiri ta sha ruwa. Ranar zafi ya yi zafi, ko tsuntsu ba ya motsi. Na wuni ina bin ta da kofi a hannu, tana guduna. Da la'asar ta taya ni tace hilu-mur, abin shan nan namu na buɗe baki, ko yatsa ba ta lasa ba. Da aka kira sallah ta ɗauki kofin da hannu biyu ta shanye ba ta numfasa ba, ta goge bakinta da bayan hannu, ta dubi babanta.

Ta ce, "Baba, gobe ka tashe ni da wuri. Yau ban ƙoshi da sahur ba."